Takardar kamfani ba izinin aiki ba ce

Akwai maganar da ke damuna a nan Maradi: wai idan kamfani ya tura ma'aikaci reshensa na wata ƙasa, takardar canjin wurin aiki ta wadatar. Masu faɗar haka suna da dalili, tunda mun saba tsallakawa ta Ɗan Issa zuwa Katsina babu biza.

Sai dai shiga ƙasa daban, izinin zama da aiki daban. Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kwana 90 ta ba baƙo daga ƙasashen ƙungiyar, wanda zai wuce haka sai ya nemi katin zama. Hukumar shige da fice ta can ce ke bayar da shi, kamfani nema kawai zai taya ka. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, bai kamata a dogara da sabo ba.

A ce an mayar da akawu daga Maradi zuwa Kano. Kafin ya ɗaure kaya, ya tambaya wa zai nemo masa katin, da sefa ko naira za a biya shi albashi, sannan ina kuɗinsa na CNSS, asusun fanshon ma'aikata na Nijar, za su riƙa shiga. Wannan na ƙarshen aka fi mantawa, alhali fanshonsa ne.