Faɗan birai da halin ɗan Adam

Yana damuna yadda ake yawan cewa tun da birai na kashe junansu, to zubar da jini a jininmu yake, babu makawa. Masu faɗin haka suna da abin kafa hujja. A dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya, ba Gomben Najeriya ba, mai binciken birai Jane Goodall da abokan aikinta sun ga garken cimfanzi, wani nau'in babban biri, ya rabe biyu. Daga 1974 zuwa 1978 mazan ɓangaren Kasakela suka riƙa far wa na Kahama ɗaya bayan ɗaya, har suka ga bayansu, suka mamaye yankinsu.

Sai dai cimfanzi ba shi kaɗai ne makusancinmu ba. Bonobo, wani babban biri da ke zaune kudu da kogin Kwango, kusancinsa da mutum a ƙwayoyin halitta daidai yake da na cimfanzi, fiye da kashi 98 cikin 100. A wajensu mata ne ke haɗa kai su taka wa namiji mai zafin kai birki. Garke biyu kan haɗu a gindin bishiya ɗaya, su ci 'ya'yanta tare, wasu ma su zauna suna tsince wa juna gashi.

Masana da dama na danganta bambancin da wadatar abinci a dajin bonobo, wadda ke barin mata su zauna tare. Su kansu cimfanzi ba kullum suke kai hari ba, galibi sai maza da yawa sun ritsa baƙo shi kaɗai, inda suka san ba za su ji ciwo ba.