Fim ɗin da bai ƙare ba, da me za a auna shi?

Da zarar Disamba ta raba tsakiya, shafukan masu bibiyar Kannywood a Facebook da TikTok sukan cika da jerin gwanaye: fina-finai goma da suka fi tashe a bana, gwarzon jarumi, jarumar shekara, waƙar da ta fi shiga rai. Ƙarshen 2025 ma bai sauya zani ba. In ka bi yadda aka haɗa jerin, ma'auni biyu za ka tarar. Na farko shi ne adadin waɗanda suka kalla a YouTube. Na biyu kuwa ƙarfin muryar masoya, wato wane jarumi ne yaransa suka fi iya cika wuri da hayaniya. Da wuya ka ga wanda ya ce ya ɗora fim kaza a sama saboda labarinsa ya tashi daidai, ya tafi daidai, ya sauka daidai.

Ba laifin masu jerin ba ne kaɗai. Akasarin abin da muka kalla a 2025 bai sauka ba tukuna. Fina-finai ne masu dogon zango, wasu suna zango na uku, wasu sun haura na goma, kuma ko masu shirya su ba lallai ne su iya gaya maka ranar da za a rufe labarin ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wanda ya ba fim tara bisa goma alhali bai ga ƙarshensa ba, farkon fim ya yaba, da fuskokin da ke ciki, da fatan da yake yi. Fim ɗin kansa bai gama zuwa hannunsa ba.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, sana'ar a kan sayar da kaya ta ginu: kaset, daga baya faifan CD, a kai Ƙofar Wambai, dillalai su rarraba zuwa Kaduna, Jos, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram har zangunan Gana. A wancan zamanin ma an iya jan rai, ana yanka fim gida biyu, in ya karɓu a ƙara na uku da na huɗu. Amma akwai iyaka, don mai saye yana son ya ga ƙarshe kafin ya sake zaro kuɗi. Sai wayar hannu ta zo da masu tura fim a kan 'yan canji, fassarar fina-finan Indiya ta kwashe matasa, kasuwar faifai ta durƙushe. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna cewa shiri mai fita mako-mako yana riƙe mutane. Zaman gida na korona a 2020 ya ƙarasa aikin, furodusoshi suka yi ƙaura zuwa YouTube kusan gaba ɗaya.

Shi kuma YouTube da tsarinsa. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara. Bidiyon da ya kai minti takwas ne ake iya cusa wa talla a tsakiya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon wuraren cusawa. Abin da ake biya kan mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kai na wanda ke kallo daga Saudiyya ko Ingila ba, don haka sai an tara kallo mai yawan gaske kafin kuɗin ya zama abin magana. Furodusa ya gane lissafin: a fito kowane mako, a daɗe ana fitowa, kada a bar tashar ta yi sanyi. Gama labari, a wannan lissafin, rufe shago ne da rana tsaka.

Ga yadda abin yake a ido. Ka buɗe fitowa ɗaya ta wani shiri da na bi a 2025, ba sai na kama suna ba, don ba shi kaɗai ke yi ba. Mintunan farko tuni ne na abin da ya faru makon jiya. Sai talla: maganin sanyi, filaye a bayan gari da biya kaɗan-kaɗan, turaren wuta, wani shagon atamfa. Sai kyamarar sama ta zagaya unguwa, ta sauko a kan wani ƙaton get. Mota ta yi hon. Maigadi ya taso da gudu yana gyara hula, ya buɗe ɓangare ɗaya, ya buɗe ɗayan. Motar ta shiga, ta daidaita tsayuwa, Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo, duk muna biye da shi. Hajiya ta ce sannu da zuwa, ya hanya, ya aiki, ya gajiya. Aka kawo ruwa da lemo a faranti, aka tsiyaya, ya kurɓa. Sannan ya ce, “Hajiya, akwai maganar da nake so mu yi.” Kiɗa ya tashi, kyamara ta matso fuskarta, ta koma fuskarsa, ta dawo tata. Sai talla. Maganar da aka yi wa wannan doguwar shimfiɗa jimla biyu ce, kuma mai kallo ya riga ya san ta tun makonni uku da suka wuce, don a gabansa aka ƙulla ta. Abin ya yi kama da mai koko da ta hango layi ya yi tsawo, ta kai hannu ga butar ruwa.

Wani zai ce ai kyauta ake kallo, mene ne na ƙorafi. Ba kyauta ba ne. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Matar da ke kallo a waya bayan ta sallami yara makaranta, da ɗan acaɓan da ke jiran fasinja, da kuɗinsu suke sayen kowane minti na buɗe get ɗin nan. Wanda ba shi da data ya kai wayarsa shagon masu turawa ya biya, kuma ko sisi ba ya isa ga mai fim.

To, tunda lokacin ba da maki ne, ga nawa, amma ga sassan aikin zan bayar, tunda su ne suka kammalu a gabana.

Hoto ya ci takwas bisa goma, ba jayayya. Wanda ya san fina-finan farkon shekarun 2000, inda fuska kan yi duhu in an juya wa taga baya, ya san an yi nisa. Yaran da ke riƙe kyamara yanzu sun san haske, sun san launi. Kwalliya da sutura ma haka, sai dai a rage wa mara lafiyar da ke kwance a gadon asibiti jan-baki da gashin ido. Sauti kuwa huɗu, da ƙyar. Har yau kiɗa yana danne magana, murya takan yi ƙara a ɗaki ta dusashe a tsakar gida, kuma akan ji kukan janareto a bayan kalaman soyayya. Sautin baƙin ciki iri ɗaya ne ke yawo daga wannan shiri zuwa wancan, ko rasuwa aka yi ko kishiya ce ta harari uwargida.

Wasan 'yan wasa bakwai. A nan dogon zango ya yi rana, dole a faɗa. Ya ba sababbin fuskoki fili, ya kuma dawo da dattawan da kasuwar rawa da waƙa ta ajiye a gefe. Mafi kyawun abin da na gani a shekarar ba daga manyan jarumai ya fito ba. Wata dattijuwa ce a matsayin uwar miji, aka zo mata da labarin ɗanta ya saki matarsa. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta dafe ƙirji ba. Tsintar shinkafar da take yi a tire ta ci gaba da yi, sai da ta kai ƙarshen tiren sannan ta ce a kira mata shi. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan shirun ya fi ihu ban tsoro. A shekarar ne kuma aka yi rashin Abdullahi Shu'aibu Karkuzu da Malam Nata'ala na Daɗin Kowa, Allah ya jiƙansu da rahama. Irin su Karkuzu da marigayi Samanja sun fito ne daga makarantar wasan talabijin, inda ake ɗauko matsala, a juya ta, a warware ta kafin lokacin shirin ya cika, mako mai zuwa a ɗauko wata.

Rubutu ne inda alƙalamina ya tsaya, don a nan ciwon yake. Uku na ba shi, kuma ba don babu marubuta ba. Kano ce ta haifi adabin kasuwa, inda irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka nuna cewa ana iya riƙe mai karatu da labarin gida, kuma daga cikin marubutan nan ne fim ɗin Hausa ya samu ƙafar tsayawa a farkonsa. A yau ma akwai matan da ke rubuta littafi a waya, dubbai na bin su shafi-shafi. Matsalar ita ce matsayin da aka ajiye marubuci. Sau da yawa ana fara ɗauka da rubutun zango ɗaya a hannu, sauran sai abin da hali ya yi. In masu kallo suka nuna son wani ɗan rakiya, sai a faɗaɗa shi har ya shanye labarin. In jaruma ta yi aure ko ta saɓa da furodusa, sai a tura ta karatu ƙasar waje, ko a kashe ta a hatsarin mota, ko kawai a wayi gari da wata fuska a ƙarƙashin sunanta. Mugun da ya kamata asirinsa ya tonu a fitowa ta goma sai ya kai ta arba'in, saboda duk wanda ya zo tona shi waya takan katse, ko ya faɗi sumamme a bakin ƙofa. Mantuwar ƙwaƙwalwa, ɗan da aka musanya a asibiti, mai kuɗin da ya ɓad da kama ya zama talaka don gwada budurwa: in ɗaya ya yi kasuwa, kafin wata uku ka gan shi a tasha biyar.

Akwai uzurin da masu sana'ar ke kawowa, kuma ba na raina shi. Shiri ɗaya mai dogon zango yana ciyar da gidaje da yawa: masu haske, masu kwalliya, direbobi, mai dafa abincin lokeshan. In aka rufe, sai an sake neman jari, a sake gina masu kallo daga tushe, a lokacin da kuɗin mai da na hayar gidan ɗauka suka ninka. Gaskiya ne. Akwai kuma shirin da tun asali ba a gina shi don ya ƙare ba. Daɗin Kowa gari ne, mutane na shigowa suna fita, ba wanda ya yi maka alkawarin ƙarshe, don haka ba a bin sa bashi. Wanda nake magana a kansa shi ne labarin da ya ɗauko tambaya ɗaya, wa zai auri wance, wa ya kashe Alhaji, sannan ya ƙi amsa ta shekara biyu. Kuma mafita tana nan a cikin masana'antar. Labarina na Aminu Saira, bayan doguwar tafiyar labarinsa na farko, ya koma rufe labari ya buɗe sabo da wasu 'yan wasan a ƙarƙashin suna ɗaya. Tashar ba ta mutu ba, masu kallo ba su watse ba. Ashe ana iya riƙe kasuwa ba tare da an riƙe labari a wuya ba.

A watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, har da manyan da kowa ya sani, bisa cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta duba ba. An yi ta muhawara a kan iko da 'yanci, kowa da ɓangarensa. Abin da ya ja hankalina daban ne. Mai fim ɗin da ya gama aikinsa tun daga farko har ƙarshe ba ya jin nauyin miƙa shi a duba. Wanda ake ɗauka ranar Litinin, a tace ranar Laraba, a saka ranar Juma'a, shi ne kowane jinkiri ke zame wa masifa. Ita ma hukumar, abin da take dubawa tarbiyya ce da sutura da kalamai. Ba aikinta ba ne ta ce labari ya yi ruwa, kuma ba na fatan ya zama aikinta. Wannan hukuncin na masu kallo ne da masu sharhi, mu kuwa mun shagala da ƙirga miliyoyin kallo.

Fim mai zaman kansa, wanda za ka zauna sa'a biyu ka tashi da cikakken labari, ya zama baƙo. Abin mamaki, shi ne kuma ke fita da harshen Hausa ƙasashen waje. The Milkmaid, wanda akasarinsa da Hausa aka yi, shi Najeriya ta tura gasar Oscar ta 2021, kuma Maryam Booth ta ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA da shi. Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, da Adam A. Zango a ciki, shi aka tura ta 2025. Duka biyun ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma an tura su ne don suna da farko da ƙarshe, ana iya ajiye su gaban alƙalai a ce ga shi. Tambayi masu haɗa jerin gwanayen Disamba su nawa ne suka kalli ko ɗaya daga ciki. Ba laifinsu ba ne sosai, gidajen silima a Arewa ba su taka kara sun karya ba, kuma wanda ya zuba miliyoyi a fim guda ba zai so ya jefa shi YouTube ranar farko masu turawa su yi watanda da shi ba. Ali Nuhu yana shugabantar hukumar fina-finai ta ƙasa tun Janairun 2024, kuma ya fi kowa sanin wannan giɓin, tunda a cikinsa ya yi rayuwarsa. In akwai abin da 'yan Arewa za su auna zamansa a kujerar da shi, to hanyar da cikakken fim ɗin Hausa zai bi ya mayar da kuɗinsa ce.

Abin da nake roƙon furodusoshi a 2026 bai da tsada. A faɗa wa mai kallo tun ranar farko cewa labarin nan fitowa 26 ne, ko 39, a kuma cika alkawari. A rubuta sunan marubuci a fosta da girman da za a iya karantawa ba tare da an zuƙo hoton ba, a biya shi kuɗin labarin gaba ɗaya kafin a kunna kyamara. Shirye-shiryen da na bi a 2025 waɗanda har yanzu ba su sauka ba kuwa, na bar gurbin makinsu a buɗe. Ɗaya daga cikinsu an ce zango mai zuwa ne na ƙarshe, amma haka aka ce a zangon da ya wuce.