Komawar Kevin Durant Golden State: Laifin ɗan wasa ne ko na tsarin NBA?

Ranar 4 ga Yulin 2016, yayin da Amurkawa ke hutun bikin 'yancin kai, tauraron gasar ƙwallon kwando ta NBA Kevin Durant ya wallafa wani gajeren rubutu a shafin The Players' Tribune yana sanar da cewa zai bar ƙungiyar Oklahoma City Thunder ya koma Golden State Warriors. Bayan kwana uku ya sa hannu a kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 54.3. Wasu magoya bayan Thunder sun ƙona rigarsa mai lamba 35, tsofaffin 'yan wasa da masu sharhi a talabijin suka yi masa ca, kuma har yau idan aka tayar da zancen matsayinsa a tarihin ƙwallon kwando, sai wani ya ce kofuna biyun da ya ci a can ba su da nauyi. Ra'ayina shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya faru ya cutar da gasar NBA na tsawon shekara uku, wannan gaskiya ne, amma waɗanda suka share masa hanya suna zaune ne a ofishin hukumar gasar da kuma ofishin ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa.

Masu fushi suna da hujja, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Warriors ta kammala kakar 2015/2016 da nasara a wasa 73 cikin 82, abin da ya karya tarihin da Chicago Bulls ta su Michael Jordan ta kafa a 1996 da nasara 72. A wasannin fitar da zakaran yankin yamma, inda ake buga bakwai a ga wanda zai fara cin huɗu, Thunder ta ci uku Warriors ta ci ɗaya, saura ƙiris Durant da Russell Westbrook su kawar da ita. Sai Klay Thompson ya zura maki 41 a wasa na shida a gidan Thunder, ciki har da jifan maki uku guda 11, daga nan Warriors ta je gida ta ƙarasa aikin. Wata guda da 'yan kwanaki bayan wannan kaye, mutumin da ake jira ya dawo ya rama sai ga shi ya sanya rigar waɗanda suka kayar da shi. Duk mai son wasa zai ji zafin haka, domin an hana shi kallon karawar da ya fi ɗokin gani. Abin da ya biyo baya ma ya gaskata tsoron mutane, tunda a 2017 Warriors ta ci wasa 16 ta sha kashi a ɗaya kacal a duk zagayen neman kofi, a 2018 kuma ta share Cleveland Cavaliers ta LeBron James da huɗu ba ko ɗaya. Tun kafin a fara kaka an riga an san mai ɗaukar kofi.

To amma ta yaya ƙungiyar da ke da manyan taurari uku ta samu kuɗin ɗaukar na huɗu, a gasar da aka gina a kan ƙa'idar hana irin haka? Mai bin ƙwallon ƙafa na Turai ya saba ganin cewa mai kuɗi shi ke saye. A NBA akwai iyakar albashi, wato adadin da hukuma ke yankewa kowace shekara gwargwadon kuɗin shigar gasar, kuma ƙungiyar da albashin 'yan wasanta ya kai wannan iyaka ba ta da damar ɗauko babban ɗan wasa daga waje ko da mai ita ya fi kowa arziki. A watan Oktoban 2014 NBA ta ƙulla sabuwar yarjejeniyar nuna wasanni da kamfanonin ESPN da Turner, ta dala biliyan 24 a shekara tara, wadda za ta fara aiki a 2016. Hukumar ta hango cewa kuɗin zai tunkuɗa iyakar albashi sama a lokaci guda, sai ta ba da shawarar a riƙa ɗaga ta sannu a hankali, a raba wa 'yan wasa rarar ta wata hanya. Ƙungiyar 'yan wasa, ƙarƙashin Michele Roberts, ta ƙi amincewa a farkon 2015. Sakamakon haka iyakar ta tashi daga dala miliyan 70 zuwa sama da miliyan 94 a bazara ɗaya, kuma kusan kowace ƙungiya ta wayi gari da sararin ɗaukar tauraro, har da wadda ta ci wasa 73.

Ba na zargin 'yan wasan da wauta. A rikicin albashi na 2011, wanda ya sa aka rage wasannin kakar zuwa 66, masu ƙungiyoyi sun tilasta musu sauka daga kashi 57 cikin ɗari na kuɗin shiga zuwa kusan kashi 50, saboda haka duk shawarar da ta fito daga ɓangaren masu kuɗi da sunan jinkirta ƙarin albashi dole su kalle ta da shakku. Sai dai shawarar da suka yanke ba ta amfani mafi yawansu ba. Waɗanda Allah ya sa kwantiraginsu ya ƙare a 2016 ne suka kwashi garaɓasa: Los Angeles Lakers ta ba Timofey Mozgov dala miliyan 64 da Luol Deng miliyan 72, New York Knicks ta ba Joakim Noah miliyan 72, dukkansu na shekara huɗu, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya kammala wa'adinsa yana taka leda a ƙungiyar da ta ba shi kuɗin. Waɗanda nasu kwantiragin ya ƙare a 2017 da 2018 kuwa sun tarar an riga an ɓarnatar da kuɗin.

Akwai kuma wata ƙa'ida wadda a ganina ta fi tsallen 2016 tasiri, ko da yake ba a cika ambatonta ba, ita ce ƙayyade mafi girman albashin da ɗan wasa ɗaya zai iya karɓa. Wanda bai wuce shekara shida a gasar ba ba zai haura kashi 25 cikin ɗari na iyakar albashi ba, mai shekara bakwai zuwa tara kashi 30, mai goma zuwa sama kashi 35. Durant yana da shekara tara, don haka duk ƙungiyoyin da suka je zawarcinsa a Hamptons da ke jihar New York, wato Thunder da Warriors da Boston Celtics da San Antonio Spurs da Miami Heat da Los Angeles Clippers, kusan adadi ɗaya za su iya ajiye masa a shekarar farko, kimanin dala miliyan 26 da rabi. Gaskiya ne Thunder na da damar ba shi shekara biyar maimakon huɗu, amma wannan fifiko bai da wani amfani a wurin mutumin da ya san cewa idan ya jira shekara guda zai cika goma ya shiga ajin kashi 35. Da kasuwa a buɗe take, da wata ƙungiya mai yunwar tauraro ta zuba masa rabin kasafinta, ya zama dole ya zaɓa tsakanin kuɗi da sauƙin cin kofi. Tsarin ya ɗauke masa wannan zaɓi. Idan albashi ɗaya ne a ko'ina, mutum mai hankali zai duba inda aikin ya fi daɗi, inda ake raba ƙwallo, inda abokan aiki suka fi ƙwarewa, kuma a 2016 amsar a fili take.

Ita ma Warriors ba fashi ta yi ba. Stephen Curry da Klay Thompson da Draymond Green duk ita ta zaɓo su tun suna sababbin shiga, a zaɓen matasa da ƙungiyoyin NBA ke yi bi da bi kowace shekara, a matsayi na 7 a 2009, na 11 a 2011, da na 35 a 2012, bayan ƙungiyoyi da dama sun tsallake su. A 2012 ta ba Curry dala miliyan 44 na shekara huɗu a lokacin da ciwon idon sawu ke sa ana tantamar makomarsa, wanda hakan ya sa a shekarar da Durant ya zo, gwarzon gasar na shekara biyu a jere shi ne na huɗu a jerin masu albashi a ƙungiyarsa. Duk da haka sai da ta rabu da Harrison Barnes da Andrew Bogut, da Festus Ezeli ɗan Najeriya haifaffen birnin Benin, kafin lissafin ya daidaita.

Batun da ya fi damuna shi ne zargin rashin amana, domin ana ɗora wa ɗan wasa nauyin da ba a ɗora wa mai ƙungiya. Durant bai zaɓi Oklahoma ba. Seattle SuperSonics ce ta zaɓe shi a matsayi na biyu a 2007, bayan shekara guda masu ƙungiyar suka kwashe ta kacokan daga birnin da ta shafe shekara 41 a cikinsa suka mayar da ita Oklahoma City, ba tare da an tambayi ra'ayinsa ko na mutanen Seattle ba. Ya yi shekara tara yana wa ƙungiyar aiki, ya zama wanda ya fi kowa zura maki a gasar har sau huɗu, ya zama gwarzon shekarar 2014, ya kai ta wasan ƙarshe a 2012. 'Yan watanni bayan wannan wasan ƙarshe, shugabannin Thunder suka tura James Harden Houston saboda saɓani a kan 'yan miliyoyin daloli, gudun biyan harajin ƙetare iyaka. Sun raba matasa uku, wato Durant da Westbrook da Harden, waɗanda kowannensu daga baya ya zama gwarzon gasar, aka kira hakan dabarar kasuwanci.

Misalai irin wannan suna da yawa. Clippers ta ba Blake Griffin kwantiragin shekara biyar a bazarar 2017 tana nuna masa cewa a nan zai ƙare rayuwarsa ta wasa, kafin watan Janairu ya fita ta tura shi Detroit. DeMar DeRozan ya yi shekara tara a Toronto, ya ƙi sauraron kowa lokacin da ya samu damar tafiya a 2016, amma a 2018 shugaban ƙungiyar na lokacin, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya musanya shi da Kawhi Leonard. Ujiri ya yi abin da ya dace da aikinsa, kuma a 2019 Toronto Raptors ta ɗauki kofi a kan Warriors ɗin nan, a jerin wasannin da jijiyar agarar Durant ta tsinke bayan ya dawo fili da rauni. An yaba wa Ujiri da ƙarfin hali, ni ma ina cikin masu yabon. Abin da nake tambaya shi ne me ya sa irin wannan lissafi ya zama cin amana idan ɗan wasa ne ya yi shi, a ƙarshen kwantiragin da ya cika har ranarsa ta ƙarshe.

Wannan 'yanci ma ba kyauta aka ba su ba. Oscar Robertson ya maka NBA a kotu a 1970 a madadin 'yan wasa, aka yi shekara shida kafin a sasanta, kuma sai a 1988 ne aka samu ɗan wasan da ya tafi inda yake so ba tare da tsohuwar ƙungiyarsa na da ta cewa ba, lokacin da Tom Chambers ya koma Phoenix Suns. Masu bin ƙwallon ƙafa sun san irin sauyin da hukuncin Bosman, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar komawa wata ƙungiya ba tare da an biya tsohuwar ba, ya kawo a Turai a 1995. Bambancin shi ne a NBA matashi ba ya zaɓar inda zai fara, kuma dokokin sabunta kwantiragi kan riƙe tauraro shekara bakwai zuwa tara a wuri ɗaya kafin ya samu ranar da zai yanke wa kansa shawara.

Gyare-gyaren da aka yi daga baya sun nuna cewa ita kanta hukumar ta san inda matsalar take. A 2017 an ƙirƙiro babban kwantiragi na musamman da ke ba ƙungiya damar biyan tauraron da ta rena kashi 35 tun kafin ya cika shekara goma. A yarjejeniyar 2023 an amince cewa iyakar albashi ba za ta tashi fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara ba, wato shawarar da aka yi watsi da ita a 2015, kuma wannan ne ya hana maimaita tsallen 2016 bayan sabuwar yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da aka ƙulla da Disney da NBC da Amazon a 2024. An kuma kafa mataki na biyu na takunkumi, wanda ke ɗaure hannun duk ƙungiyar da albashinta ya yi yawa wajen musaya da ɗaukar 'yan wasa. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofi, ta bakwai ɗin kuwa ita ce Thunder, wadda babban manajanta Sam Presti ya sake ginawa a kan Shai Gilgeous-Alexander da matasan da ya zaɓo.

Sai dai wannan magani ya zo da nasa ciwon, domin takunkumin ba ya bambance ƙungiyar da ta tara taurari da kuɗi da wadda ta rene su da kanta. Denver Nuggets ta rasa Bruce Brown da Kentavious Caldwell-Pope cikin shekara guda da 'yan kwanaki bayan ta ci kofin 2023, Boston kuma ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis shekara ɗaya bayan nata kofin. Ita kuwa ƙa'idar mafi girman albashi, wadda ta mayar da manyan taurari masu araha idan aka kwatanta da amfaninsu a fili, tana nan ba a taɓa ta ba. Masu ƙungiyoyi suna sonta domin tana kare su daga gasar farashi a tsakaninsu, mafi yawan 'yan ƙungiyar ƙwadago ma suna sonta domin kuɗin da aka hana mutum goma ko goma sha biyar na sama shi ne ake rabawa tsakanin sauran ɗaruruwan 'yan wasa. Da za a saurare ni, da an cire ta an bar iyakar albashin ƙungiya a inda take, ta yadda duk mai son ɗan wasa irin Durant na 2016 sai ya biya ainihin farashinsa, ya haƙura da tara wasu taurari uku a gefensa.