Ɗan uwa mai shirin mastas a fannin ilimi, mene ne tambayarka?

Kwanakin baya wani ƙanena da ya fara digiri na biyu a tsangayar ilimi ya turo min firofozal ɗinsa, wato tsarin binciken da yake so ya yi, wai in duba masa kafin ya kai wa sufabaiza, malamin da ke kula da aikinsa, shafi wajen 40, an tsara shi tsaf, ga babi na ɗaya ga na biyu ga na uku. Na karanta har ƙarshe sannan na kira shi na ce to malam, a jimla ɗaya faɗa min me kake so ka gano wanda yanzu ba ka sani ba? Shiru. Can sai ya karanto min taken aikin. Na ce ai wannan take ne, tambayar nake so. Wallahi abin ya taɓa ni domin nima haka na fara, kuma na san watannin da hakan ya cinye min, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku ku ƙannena da abokan karatu.

Yawancinmu da take muke farawa. A shiga laburare ko intanet a ga aikin wani, a canja sunan gari a canja darasi, shi ke nan an samu tofik. Irin su "Tasirin fasahar zamani ga ilimin ɗalibai". Wace fasahar? Waɗanne ɗaliban? Wane ɓangare na ilimin, kuma da me zaka auna shi? Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne mai shekara ɗaya ko biyu a hannu. Amma da zaka ce ina so in san ko yaran aji uku na firamare da ake sa su karatu a bayyane na minti 15 kullum har mako 10 suna fin takwarorinsu yawan kalmomin da suke karantawa daidai a minti ɗaya, kaga yanzu tambayar da kanta ta gaya maka su wa zaka je wajensu, me zaka auna, yaushe, kuma da wa zaka gwada su. Kar ƙanƙantarta ta ba ka kunya, ƙaramar tambayar da aka amsa da gaskiya ita ce ake kafa hujja da ita. Kuma in kai malami ne to tambayoyi na nan cike da ajinka, abin da kullum yake damunka game da yaran nan shi ne mafari. Tun 1946 wani masani mai suna Kurt Lewin ya yi rubutu kan binciken da mai aiki yake yi a kan aikinsa, ya tsara ya gwada ya duba sakamako ya sake gyarawa, kuma malamai da yawa da wannan hanyar suka yi digirinsu.

Babi na biyu, wato na bitar ayyukan da wasu suka riga suka yi, ba zan daɗe a kansa ba. Ba wurin jera sunaye ba ne, wane ya ce, wance ta ce. Kana karantawa ne don ka san me aka riga aka gano, da wace hanya aka gano shi, ina aka tsaya. Ka shiga shafukan neman ayyukan bincike irin su ERIC da Google Scholar, ka riƙa ajiye duk abin da ka karanta a manhajar adana madogara irin Zotero ko Mendeley tun ranar farko, kuma dan Allah kar ka ambaci aikin da idonka bai gani ba.

Inda nake so mu zauna sosai shi ne kalmar nan "tasiri". Muna sonta ƙwarai, kusan duk take da ita yake farawa, amma kaɗan ne cikinmu suke lura da nauyin da ta ɗora musu. In ka ce abu kaza yana da tasiri a kan abu kaza, cewa kake shi ne ya jawo shi. To ta yaya takardar tambayoyi da ka raba wa malamai 200 suka yi tik a "na yarda" za ta nuna maka haka? Abin da ka samo shi ne ra'ayin malamai, kuma ba laifi ba ne a binciki ra'ayi, sai dai ka kira shi da sunansa. Dubi yadda masu neman sanin tasiri na gaske suka yi. A jihar Tenesi ta Amurka, a 1985, an so a san ko rage yawan yara a aji yana ƙara musu ƙoƙari. Ba su tambayi kowa ra'ayinsa ba. Makarantu 79 suka ɗauka, a cikin kowace makaranta aka rarraba yara da malamai ta hanyar ƙuri'a, wasu a ƙaramin aji mai yara 13 zuwa 17, wasu a aji mai 22 zuwa 25, wasu a babban ajin amma da mataimakin malami, aka bi su shekara 4 daga ajin share fage zuwa aji uku. Da aka ga yaran ƙananan azuzuwa sun fi a karatu da lissafi, an iya cewa girman ajin ne, domin ƙuri'a ce ta raba su ba wani ne ya zaɓi masu ƙoƙari ya tara wuri ɗaya ba. Na san ba ka da kuɗi ko ikon yin irin wannan, ba shugaban makarantar da zai bari ka wargaza masa azuzuwa. Shi ya sa yawancinmu da azuzuwa yadda muka same su muke aiki. To in haka ne wajibi ka yi musu gwajin farko kafin ka fara komai don ka san ko dama can wani ajin ya fi wani, sannan ka yi tunanin wa zai koyar. In malamin da ya fi ƙwarewa ne ya riƙe ajin sabuwar dabara, ɗayan ajin kuma aka bar shi da wanda ba ya ma zuwa kullum, to malamai ka gwada ba dabara ba.

Har abin da malami yake tsammani ma yana shiga ciki. Wasu masu bincike, Rosenthal da Jacobson, sun fitar da sakamakon wani bincike a 1968 da suka yi a wata firamare a Kalifoniya, suka gaya wa malamai cewa yara kaza da kaza za su yi fice a bana, alhali da ka aka zaɓo sunayen, kuma a ƙarshen shekara aka ga makin waɗannan yaran ya fi ɗagawa musamman a aji ɗaya da biyu. Masana sun soki yadda aka yi awon daga baya, amma darasin da ya shafe ka yana nan: in kai ne mai dabarar, kai ne mai koyarwa, kai ne kuma mai makin takardun, to zuciyarka na tare da ɓangare ɗaya ko ba ka yi niyya ba. Ka ba wani ya yi makin ba tare da ya san wane yaro ne daga wane aji ba.

Sai maganar mutum nawa zaka ɗauka. Kowa ya haddace jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 mai nuna yawan mutanen da za a ɗauka, in jama'ar 1,000 ce a ɗauki 278, in miliyan ce 384. Lissafin daidai ne amma an gina shi ne a kan cewa da ƙuri'a ka zaɓo mutanen, ba wai ka tsaya a makarantu uku da suke kusa da kai ka cike adadin ba. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 wata mujalla ta tattara amsar mutum sama da miliyan 2 ta ce ɗan takara Landon ne zai ci, sai abokin takararsa Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48, saboda irin mutanen da ta aika wa da irin waɗanda suka amsa ba su wakilci masu zaɓe ba. In makarantu uku kaɗai zaka iya kaiwa ba komai, ka rubuta haka ƙarara, kuma ka tsayar da maganarka a kansu. In kuma hira mai zurfi zaka yi da malamai 12 don ka fahimci dalilin da ya sa suke barin aikin, wannan jadawalin bai ma shafe ka ba, kar ka liƙa shi don kawai ka gani a aikin wani.

Abin da ya same ni kuwa a kayan awo ne. Na rubuta tambayoyina irin na ma'aunin Likert, wato masu "na yarda" da "ban yarda ba", na ga lokaci na ƙurewa na tsallake fara gwada su a kan mutane kaɗan, na buga na raba na tattaro. Sai da na zauna shigar da data na lura tambayoyi da yawa abu biyu suke tambaya a lokaci ɗaya, irin "Ina da kayan koyarwa kuma ina amfani da su kullum". Wanda ya ce bai yarda ba, kayan ne ba shi da su ko amfanin ne ba ya yi? Ba yadda zan sani. Dole na sake komawa makarantun, kuma lokacin sun shiga jarrabawa, sai da na jira wani zangon. Sauri ya haifi nawa. Da na ba mutum 20 ko 30 sun cike tun farko na zauna da su na ji yadda suka fahimci kowace jimla, da mako ɗaya ya ishe ni. Kuma ku sani lambar nan da ake kira alfa ta Cronbach da muke murna in ta haura 0.7 tana nuna tambayoyin suna tafiya tare ne kawai, ba ta ce suna auna abin da kake nufi ba, wannan sai masana fannin sun duba maka, kai ma ka yi tunani.

Ga wata dabara da nake roƙon kowa ya yi kafin ya fita fili. Ka ɗauki farar takarda ka zana teburan babi na huɗu, wato babin sakamako, babu lamba ko ɗaya a ciki, tambaya ta ɗaya ga teburinta ga lissafin da za a yi mata, ta biyu haka. Duk tambayar da ka kasa zana mata tebur to ba ka san yadda zaka amsa ta ba tukuna, duk abin da ke cikin takardar tambayoyinka da bai da gurbi a wani tebur kuma cire shi, kana wahalar da mutane ne a banza. Wannan ne zai hana ka kwasar data ka kai wa mai manhajar lissafi ta SPSS ka ce ya fitar maka da wani abu, ranar difens, wato ranar kare aikinka, a tambaye ka me ya sa aka yi wannan gwajin ba wancan ba ka rasa ta cewa. Kuma in sakamako ya nuna babu bambanci, to babu bambanci ka rubuta. Ku ji tsoron Allah kar ku taɓa lambobi, domin wata rana wani zai iya ɗaukar aikin nan ya yanke hukunci a kan 'ya'yan mutane da shi.

Yaran nan kuma amana ne. Izinin hukumar makaranta daban, yardar iyaye daban, shi kansa yaron a gaya masa da harshen da zai gane cewa yana da damar ya ƙi kuma ba abin da zai taɓa makinsa. Kar sunan yaro ko na malami ya fito a aikinka, ka ba su lambobi. In dabararka ta yi amfani, ka koma ka koyar da ajin da aka bari ba a yi musu ba.

Takardun izinin nan suna cin lokaci fiye da yadda kake zato, don haka ka nemo kalandar makarantun da zaka shiga tun yanzu, ka cire hutu ka cire makonnin jarrabawa ka ga makonni nawa suka rage maka na gaske, daga nan ka lissafo baya zuwa ranar da ya kamata kayan awonka su kammala. Shi kuwa ƙanen nawa mun yi da shi zai ajiye shafi 40 ɗin nan tukuna, ya je wajen sufabaizansa da shafi ɗaya: tambayar, su wa zai bincika, me zai auna, da teburan da ba komai a cikinsu.