Sallama kafin hoto

Shekara shida ke nan ina zaune a Hamburg, a ƙasar Jamus, kuma kusan kowace Lahadi, da na idar da sallar asuba, sai in rataya kyamara in gangara bakin kogin Elbe inda kasuwar kifi ke ci. Tsohuwar kasuwa ce, tun 1703 ake yin ta, kuma kafin hantsi ya yi ƙarfi an watse. Hoto ba sana'ata ba ce, ko sisi ba na samu da shi. Kaɗaici ne ya fitar da ni titi. Shekarata ta farko a garin nan, daga ɗaki sai wurin aiki, kai a sunkuye, ban san fuskar maƙwabcina ba. Kyamarar ce ta koya mini ɗaga kai da haƙurin tsayuwa wuri ɗaya har haske ya faɗo inda nake jira.

Wata safiya na ɗauki wata dattijuwa tana zaɓen kifi, rana ta sauka a bayan hannunta gwanin kyau. Ta juyo, ba faɗa ba zagi, ta ce in goge. Na goge tana kallo. Abin ya tsaya mini a rai, sai da na bi sawun dalilinsa.

A 1898, da Bismarck, tsohon shugaban gwamnatin Jamus, ya rasu a gidansa na Friedrichsruh, nan kusa da Hamburg, wasu masu hoto biyu suka saci jiki da dare suka shiga ɗakin, suka ɗauki gawarsa a kan gado don su sayar. Kotu ta ɗaure su, hoton kuma aka ƙwace. Wannan ta'asa na cikin abin da ya kai ga dokar 1907, wadda har yau wani sashenta ke aiki: ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, in ban da 'yan wurare kamar taron jama'a ko jerin gwano. Abin ya shiga jinin Jamusawa. A 2010, lokacin da Google ya zo nuna titunansu a intanet, gidaje sama da dubu 240 suka nemi a dusashe hoton gininsu. Ƙasar da ta ƙera Leica a 1925, ƙaramar kyamarar da ta sa ɗaukar hoton titi ya yi sauƙi, ita ce kuma ƙasar da mutum ya fi kishin fuskarsa.

A Kano kuwa, kana ɗaga kyamara yara za su yanyame ka, "Mai hoto, a ɗauke mu!" Mai shayi ya gyara zaman hularsa, ɗan Adaidaita ya leƙo yana dariya. Ba wanda zai karanto maka doka. Amma ba wai ba mu da ƙa'ida ba ne. Matar aure za ta ja mayafi ta kau da kai, kuma duk ɗan da aka yi wa tarbiyya ya san ya sauke hannunsa. Dattijo a bakin zaure ba a tunkararsa sai an yi sallama, an tambayi gida da iyali da gajiya. Tamu ƙa'idar kunya ce da gaisuwa, kuma a ganina ta fi tasu daɗi, don takan bar ƙofa a buɗe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda waya ta zo ta tattake wannan ƙa'ida, ba mu kuma kafa wata a madadinta ba. A yi hatsari a hanyar Zariya, kafin a ciro wanda ya ji rauni an ciro wayoyi. Wata uwar a WhatsApp take fara ganin gawar ɗanta. Da azumi a raba buhun shinkafa, sai an tsayar da gwauruwa ta riƙe shi an ɗauke ta an sa a Facebook. Almajiri da ƙoƙonsa kuwa ya zama na kowa, ba mai tambayarsa. Abin da aka yi wa mutum ɗaya a Jamus har ya girgiza ƙasa, mu kullum muna yi wa talakawanmu, muna kiransa yaɗa labari ko neman lada.

Duk da haka ba na fatan mu zama Jamusawa. Na sha ganin hotunan abokaina na nan: ƙeya, inuwa, laima, ƙafafu a kan matakalar jirgin ƙasa. Kyau kam akwai, amma gari ne ba fuska. Mu kuma fuska gare mu har ta yi yawa, sai dai ba ma ɗaukarta sai ranar biki, ranar suna, ko hawan Sallah, lokacin da kowa ya sha ado. Rayuwar ranar Talata ba mai kula ta. A Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano. Wa ya adana mana hoton wancan cincirindon babura a danja, da hayaƙinsu, da matasan da suka ci abinci da su? Yaron da aka haifa bayan nan sai dai a ba shi labari. Shi ya sa nake girmama aikin mai ɗaukar hoto Fati Abubakar, wadda ta riƙa yawo a Maiduguri tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, a lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam.

Manyan masu wannan fanni a Turai sukan ce gwani shi ne wanda ba a gani, ya ɗauka ya wuce kamar iska. Ban yarda ba. Baƙar fata mai kyamara a Hamburg ba ya ɓuya, kuma ko da zan iya ba na so. Sai in zauna, in gaisa, in sayi wani abu, in dawo wani makon. Nakan rasa hotuna da yawa ta haka, na sani, wani lokacin hasken ya wuce ina cikin gaisuwa. Amma wanda na samu, mai shi ya san sunana, kuma nakan wanke in kai masa nasa.

Zuwana gida na bara, kwana uku na yi ina zuwa marinar Ƙofar Mata, kyamara a cikin jaka. Akwai wani tsoho da ruwan baba ya rine masa hannu har gwiwar hannu. Muka yi hirar tsadar shadda, da yaran da suka ƙi gadon sana'ar, da sanyin Jamus da ya ce shi ba zai iya ba. A rana ta uku, wajen la'asar, ya tsamo wani ƙyalle daga rijiyar rini, ya ɗaga shi yana ɗiga, ya dube ni ya ce, "To ɗana, ina abin naka? Yanzu ne launin ya fito."