Wanda Ba Shi da Ɗaki, Ina Zai Yi Jinya?

Jama'a, ku saurari abin da likita ke faɗa wa majiyyaci in zai sallame shi: ka je gida ka huta, ka sha maganin nan sau uku bayan cin abinci, ka riƙa wanke ciwon, ka dawo bayan mako biyu. Duk wannan umarni na mai ɗaki ne, mai tukunya a wuta, mai ruwan wanka da kuɗin mota. Mutumin da ke kwana ƙarƙashin gada ko a tashar mota zai ce to, ya karɓi takarda, ya koma inda ciwon ya same shi.

Ku ɗauki misalin tarin fuka. Maganinsa wata shida ne, kullum, ba fashi. Wanda ya katse shi a hanya, ƙwayar cutar na iya daina jin magani, jinyar ta ƙara tsawo da tsada, ya kuma baza wa na kusa da shi. To yaya mutum zai riƙe ƙa'idar wata shida alhali yau an kore shi daga nan, gobe an sace ledar da maganin ke ciki, jibi jami'an tsaftace gari sun kwashe 'yan komatsansa? Mai ciwon sukari da ke allurar insulin yana buƙatar wuri mai sanyi da zai ajiye ta, da abinci a kan lokaci. Ƙaramin rauni a ƙafa, wanda mai gida zai warke cikin mako, yakan zama gyambo a jikin mai yawo dare da rana, har a kai ga yanke ƙafar. Mace kuwa nata ya fi muni: al'ada ba ruwa, ciki ba awo, ga fargabar fyaɗe duk dare.

Kada a ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A Ingila da Wales, hukumar ƙididdiga ta ƙiyasta cewa marasa muhalli 741 ne suka mutu a 2021, kuma matsakaicin shekarunsu a lokacin mutuwa 45 ne ga maza, 43 ga mata. Wannan fa a ƙasar da ake ganin likita kyauta! Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2018 ya duba marasa muhalli, fursunoni, masu shaye-shaye da mata masu zaman kansu a ƙasashe masu arziki, ya gano mace-macensu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 8 ga maza, kusan sau 12 ga mata. Tun 1971 wani likita a Wales, Julian Tudor Hart, ya rubuta cewa inda aka fi buƙatar kulawar likita, nan ne ta fi ƙaranci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke faruwa a bakin ƙofar asibiti. Ina katin shaidarka? Ina adireshinka? Wa zai tsaya maka? A ƙididdigarsa ta 2021, Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum kimanin miliyan 850 a duniya ba su da wata takardar shaida ta hukuma. In mutum ya tsallake wannan, sai ya haɗu da kallon ƙyama. A toshe hanci, a bar shi a ƙarshen layi, a yanke hukunci cewa wani abu ya sha tun kafin a taɓa jikinsa. Na san ma'aikatan lafiya na fama da tarin aiki da ƙarancin hannu, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Amma wanda aka wulaƙanta sau ɗaya ba ya komawa sai an ɗauko shi ranga-ranga, lokacin da jinya ta fi tsada kuma ta fi wuyar yin amfani.

Wani zai ce ai su suka jawo wa kansu. Yaron da ya gudo daga duka, matar da aka kora da 'ya'ya, mai taɓin hankalin da dangi suka gaji da shi, wanda yaƙi ko ambaliya ta raba da gidansa, me suka jawo? Ko mai shaye-shayen ma, sau da yawa titi ne ya koya masa, don ya samu barci cikin sanyi da tsoro. Kuma ko da laifinsa ne, yaushe aka fara tambayar mai hawan jini yadda ya ci gishiri kafin a duba shi?

Finland ta gwada wata hanya daga 2008: a fara ba mutum ɗaki nasa ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya samu aiki ba, sannan a biyo shi da magani da tallafi. Waɗanda suka daɗe ba muhalli sun ragu da fiye da rabi. Yi wa mutum magani a mayar da shi titi ɗiban ruwa ne da kwando.

Sadaka tana da lada, ina kuma girmama masu yin ta, sai dai mai bayarwa ne ke zaɓar rana da wanda zai ba. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1946 ya ce lafiya haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, ba ruwansa da arzikinsa ko matsayinsa. Sashe na 25 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ya jera abinci, sutura, muhalli da magani a wuri ɗaya. Gwamnatoci sun amince da wannan, don haka bashi ne a kansu, kuma muna da hurumin tambaya. A duba mara lafiya ko ba kati ba adireshi. A fitar da ma'aikatan jinya zuwa inda mutanen nan ke kwana. A tanadi gadajen murmurewa, ta yadda ba za a sallami wanda aka yi wa tiyata zuwa bakin kwalta ba. Ku tambayi wakilanku nawa aka ware wa waɗannan a kasafin kuɗin bana.