Kafin ka sayi ledar da aka ce tana ruɓewa, tambayi ɗan jari bola

Masu sayar da abinci da kayan sha a Kaduna sun fara jin tallan mazubi iri biyu: wanda ake sake narkawa, da wanda aka ce yana ruɓewa da kansa. Na biyun ya fi daɗin ji, ya kuma fi tsada, amma a garin nan sau da yawa asarar kuɗi ce kawai.

Yawancin kofunan da ake cewa suna ruɓewa, da robar PLA aka yi su, wadda ake samu daga sitacin masara. Ba ta ruɓewa sai a masana'antar yin taki, inda ake riƙe zafi wajen digiri 58 da danshi na tsawon watanni. In ta faɗa kwata a Tudun Wada ko Rigasa, haka za ta zauna ta toshe hanyar ruwa da damina, kamar kowace leda. Ga shi a ido ba ka bambanta ta da gorar ruwa, kuma in ta shiga buhun gorunan da aka tara don sake narkawa, sai ta ɓata narkon. Wata ledar kuwa da ake kira oxo, wadda ita ma ake cewa tana ruɓewa, ɓurɓushewa kawai take yi, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana ta tun 2021.

Mai zoɓo ko kunun aya, juya gindin gorar ka duba lambar da ke cikin alamar nan mai kusurwa uku. Lamba 1 da 2 da 5 suna da kasuwa, 'yan jari bola na tsince su. Gora garau ta fi mai launi daraja. Ka guji lamba 6, farin kwanon nan mai kama da kumfa da Legas ta hana a 2024, da ledar da aka manna wa alminiyam a ciki, don ba mai iya raba su.

Abinci mai maiƙo daban ne. Tsire, masa da alale sun fi dacewa da ganye ko takarda zalla, wadda ke ruɓewa da gaske. Ka yaga gefenta tukuna: in ka ga wata siririyar fata tana miƙewa, an shafa mata leda. Tsohuwar jarida ba ta cikin lissafi, tawadarta na bin mai ta shiga nama. Takarda kuma ba ta jure miya, sai roba mai lamba 5, wadda ke ɗaukar zafi, matan gida ma su wanke su zuba daddawa.